Ya Fanne da Yaran da Aka Duba wa Haƙora

An buɗe bakin Mu'az ɗan marigayi Tanko a tsakar tsohon siton gyaɗa, aka ɗage masa leɓe da babban yatsa kamar yadda ake yi wa bijimin sayarwa, aka duba haƙoransa, aka rubuta masa shekara ashirin. Shekarunsa goma sha uku ne. Kafin la'asar an loda shi a mota tare da magidanta masu gemu, an nufi wani gidan yari mai nisan tafiyar yini guda. Ba shi kaɗai ba ne. Su bakwai ne daga Layin Turaku, kuma ba ɗaya a cikinsu da ya kai goma sha biyar.

Mutum ɗaya ce a duk layin ta san shekarun kowannensu ba sai ta tambayi kowa ba, ita ce Ya Fanne ungozoma, don da hannunta ta yanke wa duka bakwai ɗin cibiya. Ba wanda ya aika a kira ta.

Ya Fanne Babarbariya ce. A wani ƙauye gabas da nan aka haife ta, aure ya kawo ta Potiskum. Mijinta direban motar shanu ne mai kai kaya Kudu, a kan hanyar kuma ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya biyu mata daga cikin biyar da ta haifa. Ungozomanci wurin gwaggonta ta koya, ta fi shekara talatin tana yi. Kayan aikinta ba su wuce cikin wata 'yar kwalla mai murfi ba: sabuwar reza, zaren da ta tafasa, da sabulu. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, haƙora huɗu suka rage mata a baki, goro da shekaru sun tafi da sauran. Hausarta tana fita sarai, sai in ranta ya ɓaci ne Barbarci ke danne harshen, ka ji kalmomin suna fitowa a dunƙule.

Layin Turaku kuwa shi ne jerin gidajen da ke bayan kara, wato kasuwar shanu. Yawancin mazaunansa makiyaya ne da dabbobinsu suka ƙare suka shigo gari, suna kora wa wasu shanu, suna lodi, suna sayar da harawa. Mutanen da ba su saba da takarda ba ke nan. In an haihu, a yi suna, a yanka abin da ya samu, shi ke nan. Ranar da aka buƙaci shekarun yaro, wurin Ya Fanne ake zuwa. Ba ta san kalanda ba, amma tana da tata. Wannan an haife shi shekarar da aka canja kuɗi, wancan daminar da aka ja wutar lantarki zuwa bakin layi, waccan kuwa shekarar da aka ba da jiha. Babbar alamarta ita ce shekarar bushiya, cutar da ta share garken shanu a ƙasar nan gaba ɗaya. Daga ita take ƙirge gaba da baya. Har hedimasta yakan karɓi maganarta in uwa ta kawo yaro ba takarda.

Rikicin ya tashi ne a ƙarshen damina, damina ta goma sha ɗaya bayan bushiya. Wanda ya fara da abin da ya haddasa shi, kowa da irin labarinsa, kuma ba shi ne zancen nan ba. An ƙone rumfuna da gidaje, an rasa rayuka, mutanen da suka shekara ashirin suna gaisawa suka daina haɗa ido. Da wuta ta mutu sai masu kaki suka shigo suna kwasar duk wani matashi da suka gani da sanda a hannu. A Layin Turaku kuwa yaro ya fi yarda ya fita ba riga da ya fita ba sanda, ita ce abin neman abincinsa. Mu'az yana dawo da shanu uku ne da hayaƙi ya tarwatsa aka tare shi a bakin kwalbati. Dogo ne siriri, ya ɗauko tsawon ubansa, muryarsa ma ba ta gama fashewa ba.

Mutum kusan sittin aka tara a siton gyaɗa. Jami'in da aka turo ya ce shi ba ya son ƙananan yara a motarsa, dattawan unguwa su ware su. Dattawan kuwa su ne Kwamitin Sulhu da Gyaran Layin Turaku, da aka kafa kwana uku bayan rikicin, su tara, shugabansu Alhaji Muhammadu Lawan, babban ɗan kasuwar shanu wanda kakanninsa suka zo daga Kano. Hedimasta ya zo da rajista a hammata, ya kira 'yan makarantarsa ɗaya bayan ɗaya, ya tafi da su. Masu takardar asibiti iyayensu suka kawo, aka sake su. Sai ya rage waɗanda ba makaranta, ba takarda. Kowane uba yana rantsuwa ɗansa yaro ne, kowa yana zargin kwamiti da son kai, har aka fara nuna wa juna yatsa. Jami'i ya dubi agogonsa ya ce la'asar na yi mota za ta tashi, wanda ba a ware ba duk ya shiga.

A nan ne wani daga cikin dattawan ya ce a kira Bubayaro.

Bubayaro dillali ne, Bafulatani, shekara talatin yana kara. Bai taɓa kuskuren shekarun saniya ba. Fataken Kudu in ya ce musu wannan mai haƙori huɗu ce, ba sa sake dubawa. Ita saniya haƙoran nono take zubarwa biyu-biyu, manya su maye gurbinsu, ranar da ta gama famfara sai a ce ta cika baki, ta zama babba, ba sauran girma. Sai dattawan nan suka ce a yi wa yaran haka: wanda aka samu da haƙorin nono ko giɓin famfara, yaro ne, ya tafi gida, wanda ya cika baki, babba ne, ya shiga mota. Kowa ya yi ajiyar zuciya, don ga ƙa'idar da ba ta san uban kowa ba. Maza sun fi ashirin a wurin, kowannensu da 'ya'ya cike da gida, sun san bakin kowace karsana a garkensu, amma ba wanda ya taɓa leƙa bakin ɗansa ya ga cewa ɗan mutum yana gama famfara tun yana goma sha biyu. Kowace uwa a layin ta san wannan. Ba a tambayi uwa ko ɗaya ba.

Da magatakardan kwamiti ya tambaya shekara nawa zai rubuta wa waɗanda suka cika baki, Alhaji ya ce ya sa musu ashirin-ashirin, kada a ɓata lokaci.

Ya Fanne tana wanke kwallarta a bakin rariya, dawowarta ke nan daga karɓar wata haihuwa, Murjanatu uwar Mu'az ta shigo ba sallama, ba takalmi. Ta faɗa mata abin da aka yi a siton gyaɗa. Ya Fanne ta sa ta maimaita zancen haƙoran sau biyu, don da farko ta ɗauka ruɗewa ce. Sai ta ajiye kwallar, ta zauna a kan turmi, ta ce a faɗa mata sunayen yaran da aka tafi da su. Duk sunan da Murjanatu ta kira, sai Ya Fanne ta faɗi sunan uwarsa da daminar da aka haife shi, ta ƙulla ƙulli ɗaya a bakin mayafinta. Da aka gama, ƙulli bakwai ne. Ta ce wa Murjanatu ta je ta sha ruwa ta kwanta, wannan kuskure ne irin na maza, gobe da safe za ta warware shi da magana biyu.

Haka ta yi zato. Washegari ta isa ƙofar gidan Alhaji, inda kwamiti ke zama a zaure suna rabon kwanon rufi da katako ga waɗanda aka ƙone wa rumfuna. Aka ce ta jira, zancen mata sai an gama na maza. Ta zauna a gindin dogon yaro har azahar ta wuce. Ta koma kashegari, ta sake komawa. A rana ta uku aka fito mata da goro biyar a 'yar takarda, da saƙon cewa Alhaji na gaishe ta, takardar sunaye ta riga ta tafi. Ta miƙa wa ɗan aiken goron ta ce ya mayar, haƙoranta ba su kai na cin goron nan ba.

Ranar Laraba, ranar da kara ke ci, ta yafa mayafinta mai ƙulli bakwai ta shiga. Mata a gefe suke tsayawa da ƙwaryar fura, ba sa ratsa tsakiya. Ita ta ratsa, tana ture gindin shanu da tafin hannu, har ta iske Bubayaro a turkensa, fatake sun kewaye shi. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a fushi. Da wannan ƙofar ta shiga, don ba wata ƙofa da tsohuwa za ta bi ta tsayar da dillali a gaban fatakensa.

"Fulata," ta ce, "an ce kai ne likitan shekaru. Zo ka faɗa mini nawa."

Ta wangale baki, haƙora huɗu suka bayyana, biyu sama biyu ƙasa, jajaye. Wurin ya ɗauki dariya. Bubayaro ya leƙa yana riƙe da haɓa, ya ce baiwarsa ta zo gaishe da ubangidanta ba ko ɗan tsaraba, wannan bakin kuwa ko mahauci ba zai taya ba.

"Ban cika baki ba ke nan."

"Ina fa. Saura da yawa."

"To rubuta ni jaririya, a mayar da ni wurin uwata."

Aka sake fashewa da dariya, har masu kora suka matso. Ita ba ta yi ba. Ta jira sai da ta lafa, sannan ta tambaye shi ko yana tuna shekarar bushiya. Nan take fuskarsa ta canja. Ba a wasa da bushiya a kara. Rabin mutanen da ke tsaye a wurin da garkensu suke kafin ta zo, ita ta mayar da su masu kora wa wasu. Ya ce mata wannan ba abin wasa ba ne. Ta ce ai ta gama wasan.

Ta tuna masa dajin bayan Mamudo, inda shi da Tanko suka yi mashekari tare da garkunansu. Ta tuna masa ramin da suka haƙa kwana biyu suna zuba shanun Tanko, garke guda sai biyu suka tsira, su ma ba ɗigon nono. A lokacin Murjanatu na yaye, yaro yana ta kuka, ba madarar da za a dama masa, aka aiko aka ɗauko ita Ya Fanne daga gari ta duba shi. Ta ce tana wurin, da idonta ta ga wani mutum ya janyo jar akuya mai yankakken kunne, mai shayarwa, ya ɗaure ta a ƙofar bukkar Tanko ya tafi bai ce komai ba.

"Wane ne mutumin?"

Bubayaro ya ce shi ne.

"Yaron fa, wa sunansa?"

Ta ce ya ƙirga mata damina daga bushiya zuwa bana, shi da ba ya kuskuren lissafin dabba. Ya fara lanƙwasa yatsu, leɓensa na motsi da Fulatanci, ya gama hannu biyu ya ƙara ɗaya. Ta ce ya ɗora biyun da yaron ya yi yana shan nonon uwarsa. Sai Bubayaro ya nemi turke ya zauna a kai.

"Goma sha uku," ya ce.

Ta gaya masa abin da kowace uwa ta sani game da famfara. Ta kama ƙullin mayafinta ɗaya bayan ɗaya, tana kiran suna da shekara. Basiru, damina ɗaya ya girmi Mu'az. Hussain, shi ko goma sha uku ma bai kai ba, yana goye aka yi bushiya. Har ta kai na bakwai. Fataken suka sulale ɗaya-ɗaya. Ta tambaye shi ko bai gane yaron ba ne a sito.

"Na gane shi," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ya ce mini Bappa. Na ce masa ya buɗe baki."

Ya ce idon kowa na kansa ranar, in ya tsallake ɗan amininsa za a ce ya yi son kai, shi ya sa bai dubi fuska ba, baki kawai ya duba. Ya ce shi ya ɗauka adalci yake yi.

Tare suka tafi gidan Alhaji, kuma wannan karon an shigar da ita zaure, albarkacin namijin da ke gabanta. Alhaji ya saurare su har ƙarshe, bai musa ko kalma ɗaya ba. Sai ya fara jero dalilai cikin sanyin murya. Takarda ta tafi da hatimin kwamiti da sa hannun mutum tara, in suka ce sun yi kuskure za a ce ƙarya suka yi wa hukuma. Kwanon rufin da aka yi alkawari bai gama zuwa ba, ana iya tsayar da shi, ga rumfuna arba'in a buɗe. Waɗanda aka yi rikicin da su za su ce Layin Turaku na ɓoye masu laifinsa, sulhun da aka sha wahalar ƙullawa ya warware. Kuma in aka tono zancen, ya ce yana duban Bubayaro, wanda ya buɗe bakunan shi za a fara kira. A yi haƙuri, in abubuwa sun daidaita za a san yadda za a yi.

"Ya Fanne," ya ce, "gari muke ɗinkewa."

"Da fatar 'ya'yan wa kuke ɗinkin?"

Ta juya ta dubi Bubayaro, ta ga ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Laraba ta gaba bai zo kara ba. Aka ce ya koma wurin danginsa wajen Nangere, kuma ya daina buɗe bakin dabba, ko an roƙe shi.

Da sanyi ya shigo, wani abokin marigayi mijinta ya ɗauke su ita da Murjanatu a gaban motar shanu, ya sauke su a garin da gidan yarin yake. Suka yini a bakin ƙofa da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kunu. Da aka fito da Mu'az bayan ragar waya, Murjanatu ba ta gane shi ba sai da ya yi tari. Ya rame, wuya ya yi tsawo, an aske masa kai. Duk tsawon ganawar tafin hannunsa na kan bakinsa, ta bayansa yake amsa gaisuwa. Ya tambayi shanu ukun nan, ko sun isa hannun mai su. Ɗakin da yake kwana mutum talatin ne, manya, wasu da kisan kai aka kawo su. Wani gandiroba dattijo ya ja Ya Fanne gefe ya ce shi ma yana da ido, ya san yara ne, amma takarda ta ce ashirin, shi kuma takarda yake wa aiki. Ya ce abu ɗaya ne zai fitar da su: wasiƙa daga waɗanda suka rubuta shekarun, da hatiminsu, cewa sun yi kuskure. Wasiƙa ɗaya, layi biyar ma ya isa.

Ta dawo da wannan maganar ta kai zauren Alhaji. Aka ce ana dubawa. Ta koma bayan sati, aka ce magatakarda ya yi tafiya. Ta koma, aka ce hatimin yana wurin ma'aji. Sau nawa ta je, ita ma ta daina ƙirgawa, har masu shayin bakin ƙofar suka saba ajiye mata benci.

Da ta ga zaure ya rufe, sai ta koma inda ba mai hana ta magana. A layin nan ranar suna ungozoma ce ke fito da jariri ta miƙa wa wanzami a gaban maza. Da can shiru take miƙawa ta koma ciki. Yanzu sai ta tsaya da jaririn a hannu, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji, ta ce a shaida, an haifi wannan yaro shekarar haƙora, ko damina ɗaya bayan shekarar haƙora. 'Yan kwamiti suna so a riƙa cewa shekarar sulhu. Ba wanda ke cewa haka, har matansu a cikin gida shekarar haƙora suke cewa. Wani daga cikinsu ya aika mata cewa tana tayar da abin da ya kwanta. Ta ce a gaya masa yara bakwai ba su kwanta ba, a tsugune suke kwana don ba wuri.

Ta kuma kafa wata doka ta kanta. Duk gidan da ta karɓi haihuwa, sai uban ya je asibiti ya karɓo takardar haihuwa ya nuna mata kafin ranar suna. In bai kawo ba, kason naman suna da ake kai wa ungozoma sai ta mayar da shi a faranti, a buɗe, a bi da shi ta tsakiyar layi kowa na gani. Mutum biyu aka yi wa haka, na uku bai jira ba. Ita ba ta iya karanta takardar, juya ta kawai take yi ta duba tambarin, ta ce wa uwar ta naɗe a leda ta sa a ƙasan akwati, ta fi zanen aure daraja.

Bayan shekara guda aka saki huɗu daga cikin yaran, don ba a sami mai shaida a kansu ba. Ba wasiƙar kwamiti ce ta fitar da su ba, gajiya aka yi da ciyar da su. Ya Fanne ta bi gidajensu ta duba su ɗaya-ɗaya, ta kwance ƙulli huɗu. Ɗaya daga cikinsu bai yi wata biyu a gida ba ya shiga mota ya bar garin, har yau uwarsa ba ta san inda yake ba.

Mu'az sai da ya yi wata goma sha takwas. Shi ma ba don an gane yaro ne aka sake shi ba, tarin jini yake yi, ba a so ya mutu a hannunsu. Wani direba ya kawo shi kwance a kan buhunan dusa. Da aka kai shi asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ce ya buɗe baki ta duba maƙogwaronsa. Ya datse haƙora, ya manne da bango. Aka lallashe shi, aka yi masa faɗa, uwarsa ta yi kuka, bai buɗe ba. A gida ma haka, ba ya cin abinci in ana kallonsa. Ya Fanne ce ta gano dabara. Takan daka ƙwayar maganin ta zuba a kunu, ta ajiye masa kofin, ta juya masa baya tana ba shi labarin ranar da aka haife shi, yadda ya fito da ƙafafu dogaye har gwaggonninsa suka ce ɗan raƙumi aka haifa. Sai ta ji ƙarar kofi a ƙasa sannan ta juyo. Wata biyu tana haka, kullum da hantsi.

Ya rasu bayan babbar salla, kafin ruwan farko ya sauka. Maza suka yi masa wanka, suka kai shi. A zaman makoki 'yan kwamiti suka zo su tara, da manyan riguna. Wani baƙo ya tambayi shekarun mamacin, magatakarda ya ce bisa ga abin da ke rubuce ya doshi ashirin da biyu. Daga bayan zana, inda mata ke zaune, muryar Ya Fanne ta fito.

"Goma sha biyar. Ita ma bai cika ba."

Sai liman ya ce a yi salati.

Ƙullin Mu'az ba ta kwance shi ba. Ta ɗauko reza daga kwallarta ta yanke shi daga jikin mayafin, ta sa wa Murjanatu a tafin hannu. Bayan kwana uku aka wayi gari da jar akuya ɗaure a ƙofar gidan, ba a ga wanda ya kawo ta ba. Murjanatu ta ce a kwance ta a mayar Nangere, ba mai shan nono a gidan.

Ya Fanne tana nan. Idonta ya fara yin hazo, sai ta kusantar da zare sosai kafin ta ƙulla cibiya, amma ba ta daina fita ba. Mayafin nan dai shi take yafawa, mai yankakken gefe, da ƙulli biyu: Basiru da Hussain. Suna can har yau, cikin manya, da shekarun da ba nasu ba. Labarin da ya zo na baya-bayan nan shi ne Hussain ma ya fara tari.

Rumfuna arba'in kuwa an gama su, an yi musu rufi, an shafa fenti. Wata mai zuwa kwamiti zai yi bikin buɗewa, an ce har da jawabi a kan zaman lafiya da makomar yara.

Alhaji Muhammadu Lawan, da ku sauran takwas da kuka sa hannu: kwanon rufin ya zo, ba sauran abin da za a tsayar muku. Kun ji shekarun yaran nan daga bakin wadda ta yanke musu cibiya, ba ku musa ba. Ku ɗauko hatimin daga duk aljihun da yake, ku rubuta wasiƙar nan mai layi biyar. Ku aika Nangere a zo da Bubayaro ya dangwala yatsa, ku tsaya masa kamar yadda kuka tsaya a bayansa ranar da kuka sa shi aikin. Ku sa Ya Fanne a mota ku kai ta da kanku, ku dawo da Basiru da Hussain gidajen iyayensu kafin a buɗe ko rumfa ɗaya. Sannan ku buɗe littafinku, ku soke ashirin ɗin da ke gaban sunan Mu'az ɗan Tanko, ku rubuta goma sha uku, ku je ƙofar Murjanatu ku karanta mata da bakinku.